Dutsen da Aka Sa a Tsaye

Duk baƙon da ya zo Marlod sai an ja shi zuwa ƙofar coci ta kudu, a ce masa ya ɗaga kai. Yana ɗagawa kuwa sai dariya. Can ƙarƙashin bakin rufi, cikin jerin kawunan dutsen da ke tallafe da shi, akwai kan wata mata da ta zura yatsu a gefen bakinta ta ja shi har kusan kunne, idanu kamar za su zazzago. Dab da ita akwai wani kan da ba shi da fuska, sai kitso guda da ya sauko ta kafaɗa. Wannan ba mai tambaya a kansa. Ni ba na dariya, in ma ina wurin nakan ce da mai nunin ya rufe mana baki, shi ya sa ake cewa tsufa ya lalata mini hali. Su yi ta faɗa. Ni na haƙo duwatsun nan biyu da hannuna.

Sunana Wimund, kuma ramin dutsen da ke bayan tudu a hannun gidanmu yake tun kakana. Akwai abu guda da ubana ya fara koya mini tun kafin in iya ɗaga guduma, ya koya mini shi da mari. Dutsenmu a kwance Allah ya halicce shi, shimfiɗa kan shimfiɗa. In ka sa shi a gini a kwance yadda ka tarar da shi, jikokin jikokinka za su mutu su bar shi. In ka tayar da shi tsaye, shimfiɗar tana kallon waje, ruwa zai bi ta tsakani, ƙanƙara ta zo ta kumbura shi, ya riƙa ɓarewa kamar albasa. Ba wani asiri ba ne. Duk wanda ya taɓa cin abinci da dutse ya san wannan.

Estrild matar yayana ce, Ailmar, wanda gefen ramin ya rufta ya danne. Ya bar ta da 'ya guda, Aldit. Yarinyar tana shekara goma sha ɗaya zazzaɓi ya kama ta lokacin haihuwar tumaki, kwana huɗu ya gama da ita. A bakin kabari Estrild ta yi ihun da ya sa Fada Ranulf ya tsayar da addu'a ya ce mata irin wannan kukan rashin bangaskiya ne. Daga ranar ta koyi wata ɗabi'a. In kukan ya taso mata sai ta cusa yatsun hannu biyu a gefen baki ta cije, tana ja, har ihun ya koma ciki.

Shekarar da ta biyo baya ubangidan ƙasarmu ya ce a rushe tsohuwar cocin katako a gina ta dutse. Ya kawo magina, ya kuma kawo Osbern masassaƙi. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, manyan yatsunsa kamar cokali, ya taɓa ƙetare teku, kuma ba ya barin kowa ya manta da hakan. Na tsane shi, amma ba zan yi masa ƙarya ba: hannunsa Allah ya ba shi. Sai ya ɗauki dutsen da na sha wahalar haƙowa, kafin rana ta karkata ya fito da kare da zomo sun haɗa kai kamar 'yan uwa. Fada ruwansa da ƙofa da kwanon baftisma ne kawai, can yake tsayawa yana cewa a ƙara wa mala'ika fiffike. Kawunan ƙarƙashin rufi kuwa na masassaƙi ne, haka al'ada take, abin da ya ga dama yake sa wa.

Wata rana da hantsi Estrild ta same ni a rami ina ɗaure wa shanu amalanke.

“Wimund, fuskarta tana guje mini,” in ji ta.

“Fuskar wa, matar yaya?”

“Ta wa kake zato? Jiya na rufe ido ina neman ta, sai gashin ya zo, haɓar ta zo, tsakiyar ta ƙi zuwa. Sai da na yi da gaske. In na ƙara shekara guda haka, shi ke nan, na sake binne ta.”

Ta ce in raka ta wurin baƙon nan. Ba ta da ko anini, amma tana da hannu. Na raka ta, kuma da ƙafata ta karye ranar da ya fi mini alheri.

Osbern ya saurare ta yana cizon burodi. Ya dube ta sama da ƙasa, ya ce, “Baiwar Allah, ni matattu ba na ganin su. Sai dai ki ba ni ita da baki. Kuma abincin da ake dafa mana a nan, ko aladu sai sun yi shawara kafin su ci.”

Nan suka shirya. Za ta dafa masa, ta wanke masa kaya, ta tatso masa madara, tun daga ranar har idin Mika'ilu, wanda ake yi bayan girbi. Shi kuma zai sa Aldit a bangon kudu, kusa da ƙofa, inda rana ke bugawa.

Duk bazarar nan da damina Estrild baiwarsa ce. Faten wake da kitsen alade, cuku, ƙwai, har kazarta mai kwanci ta yanka masa. Ita kanta ta rame ta zama kara. Bayan cin abincin rana sai ya zaunar da ita a rumfarsa, ya ɗauki allon dutse da alli. Nakan kawo kaya in tarar da su.

“Hancin fa?”

“Ɗan ƙarami, ya ɗaga kaɗan a ƙarshe. Akwai ɗan rami a kumatun hagu, na hagu kawai.”

“To. Sake faɗa mini ranar ƙarshe.”

“Haba Maigida Osbern, ai na faɗa maka jiya.”

“Jiya ban gan ta da kyau ba. Me ta ce miki da ta farka? Kina son 'yarki ko ba kya so?”

Sai ta fara. Yadda yarinyar ta nemi ruwa, yadda ta ce ƙafafunta sun yi nisa, yadda ta tambaya ko an ba ɗan ragonta abinci. Kafin ta kai ƙarshe yatsun sun shiga baki. Shi kuma allinsa sai gudu yake a kan allo, yana kallonta ba ya ko ƙifta ido. Ni sakarai na ɗauka tausayi ne ya sa shi ƙura mata ido haka.

A kan kitso suka yi rikici. Osbern ya ce kai kawai ake sassaƙawa, wurin ba ya ɗaukar fiye da haka. Estrild ta ce Aldit ba kitso ba Aldit ba ce, ita ta riƙa yi mata shi kowace Asabar, guda ɗaya, ta kafaɗar dama. Ta nace, ta nace, a gaban magina, har suka fara yi masa tsiya wai mace ta fi ƙarfin wanda ya ƙetare teku. Ya ajiye guduma ya yi murmushi.

“Kitso kike so? Za ki sami kitso.”

Sati biyu kafin idin ya aika a kira mu. Ya yaye buhun da ya rufe aikin. Na rantse da gicciye, Aldit ce. Hancin, ramin kumatun, yadda take ɗan karkata kai in tana son ta roƙe ka wani abu. Mutumin da bai taɓa ganin ta ba ya fito da ita daga cikin dutsen ramina. Estrild ba ta yi kuka ba. Ta durƙusa ta shafa kitson daga sama har ƙasa, ta ce, “Ga ki nan.” Sannan ta juyo gare ni tana dariya, dariyar da ban ji ba tun mutuwar yayana. “Yau zan yi barci, Wimund. Na gaji da riƙon ta a kai. Yanzu dutse zai riƙe mini.”

Da ta fita na zagaya gefen dutsen don in ga yadda ya sami tsawon kitson. Sai na ga abin da ya yi. Jijiyoyin dutsen, wato shimfiɗunsa, a tsaye suke. Ya ɗauki mai faɗi ya tayar da shi, ya sassaƙa fuskar a kan shimfiɗar sama.

“Maigida Osbern, wannan a tsaye yake.”

“Ashe kana da ido.”

“Ba zai kai hunturu uku ba. Bangon kudu ne fa, nan ruwa ke duka.”

“Ta ce kitso, na ba ta kitso. Naka masu kwanciya gajeru ne, ka ce in ƙara musu tsawo da yawu?” Ya kurɓi giya ya goge baki. “Je ka gaya mata mana. Ga ta can ba ta yi nisa ba. Ka ce mata, matar yaya, wankin da kika yi na wata shida banza ne. Ni kuma in je in gaya wa ubangidanku dutsen Marlod ruɓaɓɓe ne, hasumiya da sabon zaurensa sai dai a ɗauko daga ƙetaren kogi. Baki nawa kake ciyarwa, ɗan'uwa?”

Baki bakwai nake ciyarwa. Ban bi ta ba.

Da ya ga haka sai ya sake jiki, ya dafa kafaɗata kamar aboki. “Zo ka ga aiki na gaske. Kyakkyawar yarinya ai kowane mai koyo zai iya.” Ya ja ni bayan rumfa ya yaye wani buhun. Estrild ce, yatsu a baki, jijiyar wuya ta tashi, ido waje. Har haƙorinta na gaba da ya gutsure bai bari ba. “Wata shida ina farautar wannan fuskar,” in ji shi. “Na zaga ƙasashe ban ga irinta ba. Duba gefen, mai ido. Mafi kyawun dutsen da ka kawo ne, kuma a kwance yake.”

Guduma tana kusa da hannuna. Na sha ba kaina labarin cewa na kusa ɗaukar ta. Ƙarya ne, ban ko motsa ba. Na ce masa sai gobe, na kora shanuna na tafi gida.

Ranar idin Mika'ilu aka sauke katakan hawa, gari duka ya taru yana ɗaga kai. Aka ga kare da zomo, aka ga rago, aka ga mai busa da kumatu kamar gora. Da aka zo kan Aldit mata suka kama salati irin namu suna alamar gicciye. Sannan idanu suka matsa kan na kusa da ita. Wani ya yi tari, wata ta cusa fuska cikin mayafi, kafaɗunta suna rawa. Kowa ya gane. Mutum ɗaya ce ba ta gane ba, domin wa ya taɓa ganin fuskarsa yana kuka? Estrild ba ta da madubi, kuma ba a leƙa rijiya da yatsu a baki.

“Maigida Osbern,” in ji ta, “Allah ya saka maka. Amma don me ka ajiye wannan mummunan dodon kusa da 'yata? Zai tsorata ta.”

“Gadinta yake yi, baiwar Allah. Ba wanda zai kula da ita kamar shi.”

Dariyar da aka danne ta fashe. Ita ma ta ɗan yi, don kada a bar ta a baya. Washegari ya ɗaure kayansa ya nufi wata cocin da ake ginawa a arewa. Ta bi amalanken da gudu ta miƙa masa cuku biyu na guzuri, ya karɓa.

Hunturun farko ya zo da sauƙi. Kullum da safe kafin ta tafi gona sai ta tsaya a ƙofar kudu ta gaishe da 'yarta, ta ba ta labarin ɗan ragon da ya zama rago, da wanda ya yi aure, da wanda ya mutu. Ta yi ƙiba, ta dawo tana zuwa girbi da waƙa. In ta gama hira sai ta harari na kusa ta ce, “Kai kuma me kake kallo?” Ba wanda ya gaya mata. Ba don tausayi ba, kada ku yi wa mutanen Marlod wannan zaton. Abin ya fi daɗi ne a haka.

Ni kuma kullum sai na bi ta wurin na duba. A kakar shekara ta biyu na ga wani siririn layi ya bi ta goshi, inda gashi ya fara. Na san abin da ya kamata in yi. In sa tsani in hau da kakin zuma ko yumɓu mai laushi, in danna a fuskar in ɗauki siffarta, ko ba komai a sami abin da za a ba wani masassaƙin. Aikin rabin yini ne. Amma in na hau za a tambaye ni dalili, in na faɗi dalili za a tambaye ni tun yaushe na sani. Har kakin na tanada. Yana nan a bakin taga har ya tara ƙura, ina cewa sai mako mai zuwa.

Bayan Kirsimeti aka yi kwana tara ana ruwa da iska daga kudu, sannan sama ta washe, sanyi ya sauko irin wanda ke kashe tsuntsu a kan reshe. Ranar idin kyandir muna cikin coci kowa da kyandirinsa, Fada yana karatu, sai muka ji wani abu ya faɗo a waje, tas! Kamar an saki akushi. Ba wanda ya kula sai ni. Kakin kyandir yana ɗiga a hannuna ban ji zafinsa ba.

Da aka fito Estrild ce a gaba, don kullum ita ke riga kowa zuwa ƙofar. Fuskar tana kan daskararriyar ƙasa, ta rabu gida biyar ko shida. A sama kitson yana nan, kan yana nan, gaban sumul kamar an yanka cuku da wuƙa. Ta durƙusa ta fara tsincewa tana zubawa a zanen gabanta. Dutsen da ƙanƙara ta ci ba ya jure hannu. Ta ɗauki gefen da ramin kumatun yake, ya marmashe a yatsunta kamar busasshen burodi. Ta ɗauki bakin, shi ma haka. Tana ƙoƙarin haɗawa suna ƙara zama gari.

Sai kukan ya taso mata. Fada yana tsaye a bakin ƙofa, don haka ta yi abin da ta koya. Ta cusa yatsun ta ja.

Tana durƙushe daidai ƙarƙashin ɗayan kan. Mutane suka dube ta, suka ɗaga kai, suka sake duban ta. Gunnora mai giya ce ta yi magana, matar da harshenta bai taɓa hutawa ba tun da aka yaye ta.

“Haba Estrild, sauke hannu mana. Guda ɗaya ma ya ishe mu.”

Wayyo dariyar nan. Mutanen da suka fito daga gaban Allah da kyandir a hannu, wasu har da riƙe ciki. Estrild ta bi idanunsu ta ɗaga kai, yatsun suna bakinta. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta zare hannu ɗaya a hankali ta taɓa haƙorinta na gaba, wanda ya gutsure. Ta tashi ta tafi, garin dutsen yana zuba daga zanenta a hanya.

Kwana uku ba ta fito ba. A na huɗu ta same ni a rami. Ba a aiki da sanyi irin wannan, ni ma ɓuya na je yi. Ta tsaya a bakin ramin ba gaisuwa.

“Wimund, kai ne ka san dutse. Wancan nawa ɗin, yaushe zai faɗo?”

Da na ce mata baɗi. Da na ce Allah ne ya sani. Amma tambayar sana'a aka yi mini, bakina ya amsa kafin hankalina ya iso.

“Ba zai faɗo ba. A kwance aka sa shi.”

“A kwance,” in ji ta. Shekara goma sha biyu ta yi tana auren mai haƙar dutse, ba ta buƙatar ƙarin bayani. “Nata fa?”

Na sunkuyar da kai.

“Tun yaushe?”

“Tun ranar da ya nuna mana.”

“Ranar da na ce maka zan yi barci.”

“Ranar.”

Na jira ta tsine mini, na jira ta ɗauki dutse ta jefe ni, ga su nan birjik a ƙafarta. Da ta yi da na ji sanyi. Maimakon haka sai ta sauko cikin ramin ta zauna a kan wani dutse, ta kama hannun rigata da hannu biyu, muryarta ta yi laushi kamar mai roƙon gishiri.

“Na yafe maka, ka ji? Na yafe maka duka, har gaban Allah. Abu guda kawai. Kwana uku ina rufe ido, ba abin da ke zuwa sai kitso. Na sake ta ne, Wimund, na bar wa dutse. Kai baffanta ne, a kafaɗarka ta girma. Faɗa mini ita. Fara daga ido.”

Na rufe ido ni ma. Allah shaida na nema. Shekara ɗaya da rabi ina bi ta ƙofar nan kullum ina ɗaga kai, amma layin tsaga nake nema a goshi, ban taɓa kallon fuskar ba. Abin da ya zo mini sarai, har da jijiyar wuya da gutsurarren haƙori, ɗayan kan ne.

“Idonta,” na ce, “idonta masu kyau ne.”

Ta jira. Ta ƙara jira. Sannan ta saki rigata, ta tashi ta kakkaɓe zanenta, ta hau tudu.

Ta yi shekara goma sha tara a duniya bayan haka, kuma ba ta sake bi ta ƙofar kudu ba. Ta ƙaramar ƙofar arewa take shiga, wadda ake fitar da gawa. Ba ta sake yi mini magana ba, ba ta kuma sake sa yatsu a baki ba, ko ranar da aka binne uwarta. An gina hasumiya da dutsena, an gina zauren ubangida da dutsena, bakin nan bakwai duk sun ci sun girma. Makon jiya jikata ta ja ni zuwa ƙofar kudu, ta nuna sama ta ce, “Kaka, dubi, na iya!” Ta zura yatsu a baki ta ja.